Kwamfutar Mwalimu Mihayo

A garin Tabora, a shekarun da kwamfuta ta fara shiga gidajen mutane jefi-jefi, an yi wani malamin makarantar makafi mai suna Mihayo Lugendo. Duk unguwa Mwalimu ake ce masa, wato malam, in ka cire matarsa Kalunde da ke kiransa Baban Shija. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun bai isa shiga makaranta ba, amma ba ta tafi da son bin diddiginsa ba. Mutum ne da ba ya iya zama kusa da abu mai motsi ko mai ƙara bai san abin da ke cikinsa ba. Ya kwance rediyon gidan, ya kwance agogon bango, ya kwance keken ɗinkin Kalunde ranar da ta tafi biki. Rediyon da keken sun koma yadda suke. Agogon kuwa tun daga ranar yake gudu kamar ana bin sa, har mutanen gidan suka saba rage masa a ka.

Ɗansu Shija, wanda ke aiki a Dar es Salaam, can bakin teku, shi ya kawo kwamfutar a jirgin ƙasa. Ba sabuwa ba ce, amma lafiyarta lau. Ya girke ta a falo kusa da taga, ya saka mata wata murya mai karanta duk abin da ya fito a gilashinta, sannan ya haɗa ta da tarhon gidan ta wani ɗan akwati, don su riƙa aika wa juna saƙo. Tarhon na Kalunde ne, domin ita ke sayen zuma a hannun masu amya na ƙauyuka tana tura wa 'yan kasuwar Mwanza da Dodoma. Muryar kuwa ta namiji ce, Turanci take yi ta hanci, ba ta gajiya ba ta numfashi. Tun ranar farko Kalunde ta raɗa mata suna Bature, sunan kuma ya bi ta.

Mihayo ya ji daɗin Bature ƙwarai. Da taimakonsa yake shirya darussan tarihi, yake rubuta tambayoyin jarrabawa ba tare da ya nemi mai rubuta masa ba. Wuri ɗaya ne kawai suke rabuwa. In ya gama aiki ya ba da umarnin rufewa, sai Bature ya yi shiru, amma injin bai tsaya ba. Fanka na ta juyawa, faifan ciki na ƙas-ƙas kamar ɓera a rumbu, sai can wani rubutu ya fito a gilashi, wai yanzu babu laifi a kashe. Mai ido ya gani ya danna maɓalli. Shi kuwa babu mai gaya masa, tunda muryar ta riga ta tafi. Shija kuma ya ja masa kunne kada ya kuskura ya danna kafin rubutun ya fito.

Saboda haka ko dai ya ƙwala wa Kalunde kira ta baro tukunya ta zo ta duba, ko kuma ya kasa kunne ya jira ɓeran ya gama. Yawanci kunnen ba ya yaudararsa. Amma wata rana ya yi gaggawa, washegari da ya kunna kwamfutar sai ta tashi ta tsaya a wani shafi da Bature ba ya zuwa, tana jiran amsar wata tambaya da ba ta faɗa ba. Ya zauna gabanta shiru, ita ma shiru, har Kalunde ta dawo daga kasuwa ta same su a haka. Ta ce ta ɗauka faɗa suka yi.

Duk da haka abin bai dame shi sosai ba, don ya ɗauka haka aka halicci kowace kwamfuta. Sai wata Juma'a da ya je shagon Sudi.

Sudi saurayi ne mai shagon buga takardu a kusa da tashar jirgi, wurinsa Mihayo ke kai tambayoyin jarrabawa a fitar da su a rubutun masu ido. Ranar an gama aiki dab da lokacin masallaci, Sudi na sauri. Mihayo ya ji shi ya taɓa madannai, ya ture kujera, ya nufi ƙofa yana laluben makullai a aljihu. Yana can bakin ƙofa makullan na ƙara a hannunsa, sai kwamfutar da ke wancan ƙarshen shagon ta yi wani ɗan ƙwas, fankarta ta lafa, shagon ya yi tsit.

Mihayo ya tsaya cak da sandarsa a hannu. Ya ce, "Wa ya kashe ta?"

"Ba kowa, Mwalimu. Da kanta take ɗaukewa."

Ya nemi a kai hannunsa kan maɓallin. Sudi ya dubi rana, ya dubi tsohon, ya san ba zai fita shagon nan ba sai ya biya masa buƙata. A tsaitsaye ya yi masa bayani cewa iri biyu ne. Tsofaffin, maɓallinsu kamar na fitilar bango yake, yana da tauri, in ka danna ya shige ya zauna, kuma hannu kaɗai ke iya yanke musu wuta. Na baya-bayan nan kuwa maɓallinsu taushi gare shi, ba ya yanke komai, saƙo kawai yake kaiwa ciki cewa a kashe, kuma na'urar na iya aika wa kanta wannan saƙon. Idan tasa irin ta biyun ce amma ba ta ɗaukewa, to an rufe mata hanyar ne a wani ɓoyayyen shafi da ake shiga tun tana farkawa, ta hanyar danna madannin gogewa da zarar ta yi kukan farko.

"Sai dai Baturenka ba ya shiga can," in ji Sudi yana jawo ƙofa. "Ka aiko min ita kawai, kafin ka sha shayi na gama."

Mihayo ya yi godiya, amma tun kafin ya tsallaka titin jirgi ya san ba zai aika ba. Idan Sudi ya gyara, zai samu kwamfuta mai ɗaukewa da kanta, amma ba zai san dalili ba, shi kuwa dalilin ne ya hana shi sakat.

Yana isa gida ko takalmi bai cire ba ya laluba maɓallin. Taushi gare shi, irin mai dawowa in an danna, daidai da na Sudi. Sai ya ja teburin gaba, ya durƙusa a bayan akwatin ya manna kunnensa a ramukan fanka. A kashe take, amma can ciki akwai wani siririn sauti kamar kukan sauro daga nesa. Ya zare filogi daga bango, sautin ya yi ƙasa a hankali ya ɓace. Ya mayar, ya dawo. Ashe duk watannin nan da yake cewa ya kashe ta, akwai wani ɗan sashe nata da bai taɓa rintsawa ba, yana zaune kamar maigadi yana jiran a ce masa buɗe ko rufe.

A haka Kalunde ta shigo ta same shi, ƙafafu a waje kai a bayan tebur. Ya zayyana mata abin da ya gano tun daga shagon Sudi, da murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce to yanzu ta gane abin da ya sa sauro ba ya ƙarewa a falon nan, ashe uwarsu na ciki. Da ya zo kan maganar cewa yana buƙatar idonta, sai ta gindaya sharaɗi. Za ta karanta, amma ko da ɗan yatsa ba za ta taɓa ba, kuma in abu ya lalace shi zai yi wa Shija bayani.

Ranar Asabar da hantsi suka zauna. Ta wanke kakin zuma daga hannunta, ta ɗaura tabarau, ta ja kujera nesa kaɗan kamar abin zai fantsamo mata mai. Karon farko ya makara wajen danna madannin, Bature ya fito ya fara gaisuwa, dole aka sake. Karo na biyu sai Kalunde ta matso.

"Ta zama shuɗiya, Baban Shija. Shuɗi kamar bulan wanki, rubutun kuma rawaya."

Ya tambaye ta ko da kyau. Ta ce ba laifi, za a iya ɗaura shi zuwa coci.

Matsalar ita ce Turancin Kalunde bai wuce na gaisuwa ba. Kalmomin take karantawa yadda ake karanta Sawahili, kowane harafi sai ta ba shi haƙƙinsa, har su fito da wata kama da Bature da kansa ba zai gane su ba. Mihayo ya yi ta dariya har ta yi barazanar komawa kicin. Daga nan suka daidaita: ita ta jero haruffa ɗaya bayan ɗaya, shi ya haɗa su a ka ya fassara. Yana danna kibiyar ƙasa, tana gaya masa inda hasken ya sauka. A haka suka ratsa shafin kwanan wata, suka ratsa wani mai cike da lambobi da ya ce kada ma su gaisa da shi, har suka iso wanda ke maganar sarrafa wuta.

Layin farko a rufe yake. Ya buɗe shi. Na biyu ma ya yi kama da abin da Sudi ya kwatanta, shi ma ya buɗe. Da a nan suka tsaya da shi ke nan, amma ya ce ta ci gaba da karantowa, yana so ya ji sauran. Can ƙasa ta jero masa wasu haruffa, ya haɗa su.

"Wai kunnawa da zobe," ya ce.

"Wane irin zobe?"

"Abin da nake tambayar kaina ke nan."

Ta dubi zoben aurenta, ta dubi akwatin, ta ce ko akwai inda ake gogawa ne. Suka laluba gaba da baya, ba su ga wurin zobe ba. Ta ce a bar shi yadda aka same shi. Ya ce ai abin da ke rufe ba ya taɓa gaya maka amfaninsa, kuma tunda ba su da irin zoben da ake nufi, buɗewar ba za ta cutar da kowa ba. Ya buɗe.

Suka adana, suka fita. Bature ya dawo, Mihayo ya ce da Kalunde daga nan ƙasarsa ce. Ya sa na'urar ta binciki jikinta ko za ta ga wani sabon abu, ta yi ta nuƙu-nuƙu, daga bisani ta ce ta gani, ta nemi a sake tayar da ita. Da ta tashi, ya ba da umarnin rufewa, ya janye hannuwansa duka biyu ya ɗora a cinya don kada a ce shi ne. Bature ya yi shiru. Ɓeran ya yi ƙas-ƙas ɗinsa. Kalunde ta buɗe baki za ta ce ga rubutun nan, sai ƙwas, fanka ta lafa, suka ji kukan kurciya a kan mangwaron tsakar gida.

Mihayo ya yi murmushi. Sai ya sake kunnawa, ya jira ta gama tashi, ya sake rufewa. Ya kuma. Da Kalunde ta leƙo daga kicin ta ce tuwo ya sauka, ta tarar yana kan yi. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda aka kawo wa kwamfuta tun daga bakin teku don ya riƙa kashe ta ba.

Aka ɗan kwana biyu lafiya. A tsakanin nan ruwan sama ya karya reshen mangwaro ya faɗa kan wayar tarhon layinsu, ba a gyara ba sai ranar da Nyamizi ta iso daga Sikonge.

Nyamizi yayar Mihayo ce, ita ta goya shi, ita ta riƙa jan hannunsa zuwa rijiya bayan ciwon ya tafi da idanun. Har yanzu da furfurarsa, in zai tsallaka dokin ƙofa sai ta ce a hankali. Ciwon gwiwa ya kawo ta asibitin gari, za ta ɗan zauna da su. Washegarin zuwanta Mihayo ya tafi makaranta, Kalunde ta tafi karɓar zuma, suka dawo kusan tare da la'asar. Suka tarar da ita zaune a baranda da taɓarya a gicciye kan cinya.

Ta ce tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa ta ji namiji na magana a falo, da Turanci, hankalinsa kwance kamar gidan ubansa. Ta ɗauki taɓarya ta shiga, ba kowa, sai akwatin nan na haske yana surutu. Ta yi masa magana da Sawahili bai kula ta ba, ta yi masa da yarensu na Nyamwezi bai kula ta ba. Sai ta fizge igiyarsa daga bango, ta lulluɓe shi da zane.

Mihayo ya ji maganar fizge igiya har cikin haƙoransa, amma yaya ce, ya haɗiye. Kalunde ta ce mantawa ya yi bai rufe ba. Ya ce ya rufe, da kunnensa ya ji ta ɗauke. Kashegari kuwa abin ya faru a gaban Kalunde kanta. Ta gama doguwar magana da wani ɗan kasuwar Mwanza, tana ajiye kan tarho sai ta ji Bature a bayanta yana sanar da cewa ya shirya. Ta ce saura kaɗan ta zauna a cikin bokitin zuma.

Wani zai damu. Mihayo kuwa sai ya ji kamar an ba shi kyauta. Ya zaunar da su biyun yana yi musu tambayoyi kamar alƙali. An ɗauke wuta an dawo da ita? A'a. Jirgin kaya ya wuce ƙasa ta girgiza? Ba su lura ba. Kyanwar maƙwabta ta hau teburin? Babu wanda ya gan ta. Ya gwada da kansa: ya bubbuga teburin, ya yi tsalle a gefensa, ya kashe fitilar falo ya kunna, har ya goga zoben Kalunde a jikin akwatin yana jin kunyar kansa. Ko gezau. Kalunde ta ce ita abin da ta sani, kafin Yaya ta zo Bature ba ya tashi sai an tashe shi, watakila ganin baƙuwa ne ya sa yake fitowa gaisuwa.

Nyamizi ba ta ji daɗin wasan ba. Ta ce, "Ni kam gidan nan naku ba wurin jinya ba ne. In ba tarho na kuka ba, wannan na surutu. Ɗaya na yin shiru ɗaya ya karɓa."

Mihayo ya juyo da fuskarsa wajenta. "Yaya, ranar da kika ɗauki taɓarya, tarho ya yi kuka?"

"Ya yi ta yi har ya gaji. Ni ba na ɗaukar tarhon gidan mutane."

Ya miƙa hannu bayan tebur ya bi igiya da yatsa, daga akwatin kwamfuta zuwa ɗan akwatin da Shija ya haɗa, daga nan zuwa bango inda tarho yake. Ya roƙi Kalunde ta taka zuwa gidan waya ta bugo musu. Ta yi ƙorafin rana da nisa, amma ta ɗauki mayafinta, domin ita ma yanzu tana so ta sani.

Ya zauna ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, sanyi ƙalau. Nyamizi ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba kuma ba ta tafi ba. Sun daɗe a haka, tana ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure a Sikonge, yana amsawa da rabin hankali. Sai tarho ya ɗauki kuka. Bai rufe baki ba, Mihayo ya ji fanka ta motsa a ƙarƙashin hannunsa.

Ya ɗaga kan tarhon yana dariya. "Maman Shija, zoben ne."

"Wane zobe kuma?"

"Kalmar nan da kika jero min. A Turanci da zoben hannu da kukan tarho duk sunansu ɗaya. Na sani sarai, shekara nawa ina koyar da yara, amma da na ji ta a bakinki sai hankalina ya tafi kan yatsa."

Ta ce to madalla, laifin ya dawo kanta ke nan, ta ajiye.

Har ta dawo yana ta juya abin a ransa. Wato wani, a wata ƙasa, ya zauna ya yi tunanin cewa mutum zai so ya tashi na'urarsa daga nesa, ya bugo daga wani gari ta farka ta karɓi saƙo. Maigadin nan da ba ya barci ba maɓalli kaɗai yake saurare ba, yana sauraren ƙofofi da yawa. Ya so ƙwarai a bar layin zoben a buɗe, ko don ya bugo daga makaranta ya san cewa can gida abu ya motsa saboda shi. Nyamizi ta ce in haka ne a kai ta tasha gobe. Kalunde ta ce masu sayen zumarta ba za su zama masu tashin Bature daga barci ba. Ya ga ba shi da jama'a, ya sallama.

Suka koma shuɗin shafin a yammacin nan. Wannan karon Kalunde ba ta jero haruffa ba, ta gane wurin da ido. Yana cikin lissafin inda kibiya za ta sauka sai ya ji ta ture hannunsa gefe, ta danna da kanta, ta rufe layin, ta adana. Ya tuna mata sharaɗinta. Ta ce jan jikinsa ne ya ishe ta.

Labari ya kai makaranta ta bakin Mihayo, wanda ya kasa riƙe shi. A ɗakin karatu akwai 'yan kwamfutocin da wata ƙungiya ta bayar, kuma ɗalibai na fama da irin matsalar da ya sha, kullum sai an nemo mai ido kafin a tashi. Shugabar makarantar ta tambaya ko zai duba su. Ya ce sai dai ta gayyaci ma'aikaciyarsa. Haka Kalunde ta zo wata safiya da tabarau a jaka, suka bi su ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai sun kewaye su sun yi tsit, duk wadda ta ɗauke da kanta sai a ji ajiyar zuciya da 'yar dariya a ɗakin.

Ɗaya ce ta ƙi. Maɓallinta mai taushi ne, layin an buɗe shi, amma in aka ce ta rufe sai ta yi kamar za ta mutu, ta sake farkawa daga farko. Suka gwada duk abin da suka sani, ba ta sauya hali ba. Shugabar ta ce a bar ta haka, ai an ci riba. Mihayo ya tsaya yana shafa bayan akwatin, sannan ya tambaya a hankali ko za a ba shi aronta zuwa ƙarshen hutu.

A bayan keken wani malami aka kai ta gida, an ɗaure da roba. Nyamizi, wadda gwiwarta ta yi sauƙi har tana shirin komawa, ta ga ana shigo da ita ta ce yanzu sun zama biyu, ta shige ɗaki ta ci gaba da haɗa kayanta. Kalunde ta share gefen teburin cin abinci, ta shimfiɗa tsohuwar jarida, ta kawo masa murfin gwangwanin zuma ya riƙa zuba ƙusoshi. Ya laluba bayan akwatin har ya sami ta farko, ya kafa sukudireba, ya ce ta matso da kujerarta ta gaya masa launin wayoyin in ya buɗe.